Ɗana, ka rage wa inabin nan ruwa

Assalamu alaikum ɗana, ya aiki ya iyali. Na ga hotunan da ka turo, kuma tun kafin in karanta bayaninka na san me ke faruwa, ganyen ƙasa ya yi rawaya, rassa sun yi tsawo sun cukurkuɗe, gindin kuma caɓa-caɓa. Kace safe da yamma kake ba ta ruwa. To wallahi so ne ya yi yawa, kana nema ka kashe ta da kirki.

Inabi ba alayyahu ba ne. Saiwarta nutsewa take yi, mafi yawanta na cikin mita 1 na sama amma wasu jijiyoyin sukan wuce haka nesa in ƙasar ta ba su hanya, shi ya sa yayyafin da kake mata kullum ba ya kai inda ake so, sai dai ya koya wa saiwar zama a sama, ranar da ka yi tafiya kuma ta galabaita. Gara ka ba ta ta ƙoshi har ƙasa sannan ka ƙyale ta kwanaki. In ruwa ya kwanta a gindi saiwa ba ta samun iska, ruɓewa take yi, kuma abin haushin shi ne ganyen zai yi yaushi kamar mai jin ƙishi, kai kuma ka ƙara ɗauko bokiti.

Lokacin da kam ba a wasa da ruwa shi ne daga tohowa zuwa fure har 'ya'ya su ɗaura. In ta sha ƙishi a nan furen zubewa yake, waɗanda suka kama kuma su fito ƙanana, kuma duk ruwan da zaka zuba daga baya ba zai mayar da abin da aka rasa ba. Nan dai kar ka yi rowa, ƙasa ta zauna da danshi amma ba taɓo ba.

Da 'ya'yan sun kama sun fara girma sai ka fara ja baya kaɗan kaɗan, don kar ta ɓata ƙarfinta wajen yin ganye. Sannan in ka ga sun fara laushi suna canja kala, to zaƙi ne ya fara taruwa, a nan ne mutane da yawa ke ɓata wahalarsu ta shekara, ni ma na taɓa yi, na bar ta ta bushe sosai sai tausayi ya kama ni na sake mata tiyo dare guda, kwana 2 'ya'yan suka farfashe, ƙudaje da funfuna suka gama da sauran, babarka har yau tana min dariyar wannan. Ragewa ake yi a hankali, ba a yankewa gaba ɗaya kuma ba a malala mata lokaci ɗaya.

Kar ka tambaye ni lita nawa, don yashi da laka ba ɗaya ba ne, yashi yana zubar da ruwa da wuri sai ka riƙa ba shi akai akai, laka kuwa riƙewa take. Tona zurfin wajen santimita 20 zuwa 30 a gefen gindin ka dunƙula ƙasar a hannu, in ta dunƙulu ka bari, in ta warwatse lokaci ya yi. Ka kuma duba siraran hannayen nan da take kama waya da su, in suna miƙe lafiya lau take, in sun yi yaushi sun lanƙwashe, tsinin reshen kuma ya daina tsawo, to ƙishi ne.

A gindi zaka zuba, da sassafe, kar ka jiƙa ganye ko 'ya'ya don jiƙaƙƙen ganye ke jawo cutar funfuna. In da hali ka sa tiyo mai ɗigo, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kewaye amma kar ta taɓa jikin itacen. Ƙananan nan biyu da ka dasa bana daban ne, saiwarsu ba ta yi nisa ba, su kam a shekara 2 na farko kar ka bari su bushe.

Bayan ka cire 'ya'ya kuma kar ka juya mata baya, muddin ganye na kore tana tara abincin tohon baɗi ne a saiwa da gangar jiki, ka ci gaba da ba ta daidai gwargwado har ganyen ya zube.

Yanzu dai ka ɗauke hannu na sati 1, ka tona ka gani, sai ka turo min hoton ƙasar. Ka gaida min yaran, Allah ya yi maka albarka.

Babanka