Kafin ku sa hannu a kwangilar ajiye manhaja a saba, ku tambayi firintar reshe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da masu kamfanoni da manajoji, musamman masu rassa a garuruwa daban-daban, a kan tsarin nan da 'yan kwangilar kwamfuta ke ta tallata musu, wato a daina girka manhaja a kan kowace kwamfuta, a killace ta ko a ajiye ta a saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke jonuwa da ita ta netwok. Sana'ata ke nan, kula da kwamfutocin kamfanoni a nan Kano, kuma ni ba maƙiyin tsarin ba ne, ina aiki da shi. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake sayar da shi kamar sha yanzu magani yanzu, alhali akwai inda yake aiki akwai kuma inda zai bar ka da riƙe baki.

Abu biyu ne ake haɗawa a suna ɗaya, kuma da yawan manajoji ba su san wanne aka sayar musu ba. Na farko shi ne irin App-V na Microsoft, wanda asalinsa SoftGrid ne na kamfanin Softricity da suka saya a 2006, da ThinApp da VMware ta samu a 2008 bayan ta sayi Thinstall. Anan manhajar tana aiki ne a kan kwamfutarka amma a ƙunshe take. Ana ɗaukar kwamfuta tsaf wadda ba a taɓa sa mata komai ba, a girka manhajar a kai yayin da wani shiri ke lura da duk fayil ɗin da ta ajiye da duk abin da ta rubuta a rajistar Windows, sannan a ɗaure su ƙunshi guda. Kamar mai shayi ne da ya zo da teburinsa da rishonsa da kofunansa, ba ya aron komai a gidanka kuma in ya tashi ba ya bar maka shara. Na biyu kuwa shi ne irin Citrix da RemoteApp, inda manhajar ba ta ma kan kwamfutarka kwata-kwata, tana can a saba a hedikwata ko a wata ƙasa, hoton allon kawai ake turo maka, kai kuma danne-dannenka na kibod da linzami su koma can.

Amfanin a fili yake, ba zan ɓoye ba. Duk wanda ya taɓa fama da tsohuwar manhajar akawu da ba ta tashi sai da tsohon Java (wani shiri ne da wasu manhajoji ke dogaro da shi kafin su yi aiki), ga kuma wata sabuwa da ke son sabon Java a kwamfuta ɗaya, ya san ciwon kan, ka gyara wannan waccan ta mutu, ka koma kan waccan wannan ta ƙi buɗewa. In ka killace kowacce da nata kayan shi ke nan rigima ta ƙare. Haka batun afdet, maimakon yaro ya hau mota da filash a aljihu ya bi reshen Katsina da na Gusau da na Azare yana girkawa ɗaya bayan ɗaya, sau ɗaya za ka gyara a saba da daddare, da safe kowa ya buɗe ya ga sabo. Sannan in an sace laftof ɗin ma'aikaci a tasha, in tsarin saba ne, bayanan kwastomomi ba su tafi da ita ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne tun da aka sa hannu a dokar kare bayanai ta Najeriya a 2023. Kuma tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ga tulin kwamfutoci 'yan Kwatano da ba za su ɗauki Windows 11 ba saboda ba su da TPM 2.0, ɗan guntun tsaron da Windows 11 ke buƙata, ana iya sa musu Linux mara nauyi a madadin Windows su zama taga kawai ta leƙa saba, a huta da sayen sababbi.

To amma fa ɗan kwangila a ofishin manaja yake gwada abin, inda intanet ke gudu, ga sanyin AC, ba a reshe ba.

Je ka reshe da misalin ƙarfe sha biyu, layi ya kai bakin ƙofa, mai karɓar kuɗi ta danna lambar kaya sai ta tsaya tana kallon allo, lambar ba ta fito ba sai bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, ta ɗauka ba ta dannu ba ta sake dannawa, sai ga lambar sau biyu, a goge a sake, kwastoma na cewa "Hajiya sauri nake", ita kuma tana cewa "wallahi netwok ne". Da manhajar na kan kwamfutarta da ta ci gaba da aiki ta tura lissafi daga baya, amma yanzu in sabis ya ɗauke allon daskarewa yake yi, ko rasit ba ta iya bugawa. Kuma mun gani da idonmu a ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, har bankuna sai da suka ji a jikinsu. Wanda ya ajiye manhajarsa a Azure, wato sabobin haya na Microsoft, ya sani cewa sabar ba a Najeriya take ba, ko Afirka ta Kudu ko Turai, duk harafin da ka danna sai ya tsallaka teku ya dawo.

Sai maganar na'urorin da ake jonawa, kuma nan ne aka fi yin kuka. Firintar rasit, na'urar ɗaukar hoton yatsa, sikeli mai jona wa kwamfuta, da ɗan makullin USB da wasu manhajoji ba sa buɗewa sai an soka shi, duk waɗannan direba suke buƙata, wato ɗan shirin da ke sa Windows ya gane na'urar, kuma direba ba ya shiga ƙunshin App-V domin shi a can cikin ƙashin Windows yake zama, dole a girka shi a kan kowace kwamfuta kamar da. Haka manhajar riga-kafin bairos. Na ga inda aka gama komai aka biya kuɗi, ranar farko aka gano firintar rasit ta reshe ba ta da direban da zai zauna a kan Windows Server, wato Windows ɗin da ke kan saba, rasit ya riƙa fitowa rabi a yanke da wasu alamomi marasa kan gado, aka koma rubutawa da biro har aka sayo wasu firintoci. Ba wanda ya sa wannan kuɗin a lissafin farko.

Kuɗin ma kansa, ana cewa za a samu sauƙi amma a ƙirga da kyau. Lasisin Windows Server daban, lasisin kowane mai shiga daga nesa daban, na Citrix daban, lasisin ita manhajar yana nan bai ragu ba, wasu kamfanonin ma ba su yarda a sa tasu a saba ba sai da wani lasisi na musamman. Dukkansu da dala ake lissafa su, kuma kowa ya san inda dala ta kai tun da aka saki naira a Yunin 2023, daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500 a farkon 2024. Ga dizel, domin sabar ba ta san an ɗauke wuta ba, in ta mutu ba mutum ɗaya ne ya tsaya ba, kamfanin ne gaba ɗaya, dan haka sai an sayi ta biyu ta jiran ko-ta-kwana, da inbata, da layin intanet biyu na kamfanoni daban.

Tsaro ma kar a ɗauka an gama. Ƙofa ɗaya ce kowa ke bi, in ɓarawo ya same ta ya samu komai. A Oktoban 2023 aka bayyana wata ɓaraka a NetScaler na Citrix, wato ƙofar da ake bi a shiga sabar daga nesa, wadda aka yi wa laƙabi da Citrix Bleed, ɓarayi suna kwashe shaidar shigar ma'aikaci su wuce ba tare da faswod ko lambar tabbatarwa ba, kuma har Boeing, kamfanin ƙera jiragen sama na Amurka, sai da abin ya shafa. In Boeing da kuɗinta ba ta tsira ba, ina ga kamfanin da ma'aikacin kwamfutarsa mutum ɗaya ne kuma shi ne ke sayo tawadar firinta.

Ga kuma kasuwar kanta ba ta zaune wuri ɗaya. Broadcom ta sayi VMware a Nuwamban 2023, ɓangaren da ThinApp yake aka sayar ya koma Omnissa a 2024, Microsoft kuma tun 2018 take tura mutane zuwa MSIX, sabon salonta na ɗaure manhaja a ƙunshi. Saboda haka mai sa hannu a kwangilar shekara biyar ya tambayi ɗan kwangila wa zai sake ɗaure ƙunsoshin in tsarin ya canza, kuma da kuɗin wa. Ya kuma ce a fara gwaji a reshen da sabis ya fi muni, ranar kasuwa, da firintar da ke wurin da na'urar yatsan da ke wurin, a cire wayar intanet ana tsakiyar aiki a ga me zai faru, kuma a rubuta a takardar kwangila cewa sauran kuɗin sai bayan wannan gwajin.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai kula da kwamfutocin kamfanoni, daga Kano