Wasiƙa zuwa ga aminina a Abuja, kafin ka kamo hanyar Jos

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da jikoki. Mu ma nan kalau muke, sai sanyin Jos da ka sani, wanda bana ya shigo da wuri.

Na ji daɗi da ka ce za ka zo ɗaurin auren autarmu. Amma da ka ce kai za ka tuƙo kanka, sai gabana ya faɗi. Bari in faɗa maka abin da na kasa faɗa a waya.

Wata uku ke nan, ina dawowa daga ta'aziyya bayan sallar isha'i, na iso Farin Gada, sai wata babbar mota ta dalle ni da fitila. Wallahi Alhaji, komai ya zama fari fat, kamar an watsa min gari a ido. Da gani ya dawo, sai ga wata yarinya da tiren gyaɗa a ka, tsakaninta da motata bai kai taku biyu ba. Allah ne ya tsare. Na gangara gefe na kashe mota, hannuna sai rawa yake. Shekara arba'in ina tuƙi, ban taɓa jin tsoro irin na daren nan ba.

Washegari na je aka duba min ido. Likita ta ce yanar ido ce ta fara, ita ke tarwatsa hasken fitila da dare, kuma ana cire ta da aiki. Ta auna min hawan jinin ido, ta ce shi ne mugun, don yawanci ba ya ciwo. Daga gefe yake fara cin gani, kana kallon gabanka sarai amma ba ka ga mai Keke Napep da ya ɓullo ta damarka ba. Abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Nan take kai ka faɗo min a rai, saboda ciwon suga shi ma yana taɓa ido a ɓoye. Don girman Allah ka je a duba ka, ko sau ɗaya a shekara.

Tun daga ranar na yanke wa kaina ƙa'ida. Magariba ba ta riske ni a kan titi. In na sha maganin mura irin su Piriton, ba na taɓa sitiyari, don barci yake sakarwa. Na kuma zaunar da babban ɗana na ce masa duk ranar da ya ga na fara goge gefen mota a ƙofar gida, ko ina ɓatan hanyar da na saba, ya faɗa min gaskiya, zan miƙa masa makulli ba gardama. Maganar ta yi min nauyi a baki, amma gara ni in fara ta da hankalina.

Hanyar taka ce ta fi damuna. Keffi zuwa Akwanga da sauƙi, amma Hawan Kibo ba wurin gwada ƙarfi ba ne, musamman a hazon Disamba. Dawowar ta fi tafiyar haɗari: gangara ce mai kwana-kwana, tireloli a bayanka, in ka ɗora ƙafa a birki ba sassauci sai ya yi zafi ya daina kamawa. Ƙaramin giya ake sawa. Ka sa a duba birki da tayoyi. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ta tsufa a canza, ko da zanenta bai cinye ba. Ka ajiye lambar jami'an kiyaye haɗurra, 122, a wayarka.

Roƙona shi ne ka bar ɗanka ya tuƙo ku. Ku fito da sassafe, ka karya kumallo kafin ka sha maganin suga, ka riƙo dabino a aljihu. Ɗakinka na nan na sa an gyara, har da bargo biyu.

Ka gaida min Hajiya. Ka kira ni in kun wuce Akwanga.

Naka har kullum,
Amininka na Jos