A Daina Cunkushe Taswirar Zariya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin matasanmu masu zana taswira a kwamfuta, musamman ɗalibai da ma'aikatan tsara birane, kan wani sakaci da ke ɓata musu aiki.

Taswirar kwamfuta shimfiɗa-shimfiɗa ce: tituna daban, gidaje daban, koguna daban, sunayen unguwanni ma daban. Da yawa daga cikin masu haɗa ta sukan bar dukkan shimfiɗun a buɗe, ko an zuƙo ko an ja baya, har ta kai ga wanda yake son ganin hanya daga Samaru zuwa Ƙofar Doka ba ya ganin komai sai baƙin dunƙule, sunaye sun hau kan juna kamar rumfunan kasuwar Sabon Gari.

Dalilin lissafi ne mai sauƙi. A ma'aunin 1:50,000, santimita ɗaya tana wakiltar mita 500, saboda haka gida mai faɗin mita 15 bai kai rabin milimita ba, kuma zana shi a wannan nisa nauyi ne kawai ga kwamfuta da idon mai karatu. Sai an matso zuwa 1:5,000, inda santimita ɗaya ta zama mita 50, sannan gidan yake da siffar da za a gane. Manhajar zana taswira ta QGIS, wadda kyauta ake samunta, ta ba da damar a ƙayyade wa kowace shimfiɗa ma'aunin da za ta bayyana da wanda za ta ɓace. Taswirorin intanet irin su OpenStreetMap ma haka suke aiki, domin a matakin zuƙowa na 0 duniya gaba ɗaya ake gani, kowane mataki kuma yana ninka ma'aunin na bayansa sau biyu.

Sai dai zaɓen abin da zai fara bayyana hukunci ne na mai zane, kuma a nan nake da ra'ayi. Bazazzagi da ƙofofi yake kwatance, don haka ya kamata ganuwa da Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kibo da sauransu su fito tun daga nesa, tare da kogin Kubanni, kogin Galma da titin Kaduna zuwa Kano. Fadar Sarkin Zazzau da Masallacin Juma'a su biyo baya. Lunguna, rijiyoyi da magudanan ruwa kuwa, a bar su sai an zuƙo sosai, lokacin da mai aikin rigakafi ko injiniyan ruwa yake bukatarsu.

Ina roƙon malaman da ke duba ayyukan ɗalibai su riƙa buɗe taswirar a kwamfuta, su zuƙo su ja baya, kafin su ba da maki.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya