Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Hausawan Agege: A Taimaka Mana Mu Adana Tarihin Legas Ɗin Da Muka Sani

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Hausawan Agege,
Ta hannun Sakataren Fada,
Agege, Jihar Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ban girma da addu'ar Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, mu ne talakawanka mazauna Zango da Oko-Oba, tare da 'yan'uwanmu na Idi-Araba, Mile 12 da Obalende. A cikinmu akwai fataken goro, mahauta, masu tireda, direbobi da tsofaffin ma'aikatan masaƙa. Ƙaraminmu ya ba hamsin baya. Mun zauna bayan sallar la'asar har sau uku a kan wannan magana, daga ƙarshe aka ce ni in rubuta da bakin kowa.

Abin da ya tayar da maganar rasuwa ce. A watan jiya muka kai wani dattijonmu makwanci, mutumin da ya shafe shekaru masu yawa yana gasa tsire a bakin babban filin wasa na Surulere. Bayan addu'ar bakwai 'ya'yansa suka jawo wata tsohuwar adaka ta ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ashe ruwan damina ya daɗe da shiga cikinta ba wanda ya sani. Da aka ɓalle kwaɗon sai ga tikitocin shiga kallo an ɗaure su ƙunshi-ƙunshi da zare, ga yankakkun jaridu, ga hotuna baƙi da fari sun manne da juna kamar waina. Muka sa hannu a hankali za mu raba su, fuskokin mutane suka riƙa biyo yatsunmu. Guda huɗu kacal muka tsira da su. Sauran an haɗa da adakar an ba ɗan bola-jari. Jikan marigayin, yaro ɗan shekara sha biyar sanye da rigar Chelsea, ya ɗauki hoto ɗaya ya juya bayansa ya karanta, ya ɗago ya tambaye ni: "Baba, su wane ne Stores?"

Allah ya ja zamaninka, wannan tambaya ta hana ni barci. Yaron nan a Agege aka haife shi, a Agege aka haifi ubansa, amma bai taɓa jin sunan Stationery Stores ba. Kulob ɗin ƙwallon ƙafar da marigayi Israel Adebajo ya kafa a 1958, wanda ya ci kofin ƙalubale a 1967 da 1968, ya sake ci a 1982 da 1990, ya ɗauki kofin lig na ƙasa a 1992. Tawagar Najeriya da ta je gasar Olamfik a Meziko a 1968 ta yi kunnen doki uku da uku da Brazil, akasarin 'yan wasanta daga Stores aka ɗebo su. In Stores za su buga a filin wasa na Onikan, tun hantsi garin yake canza kama. Ka shiga molue, babbar bas ɗin haya, daga Agege, kafin a kai Oshodi an fara "Up Super!", kafin Mushin ba ka jin muryar kwandasta. Bayarabe da Bahaushe da Ibo a kan benci ɗaya, in aka zura ƙwallo ka rungume wanda ba ka san sunansa ba. Wanda ya ga Haruna Ilerika da idonsa, ɗan gajeren nan mai lamba tara, yana yanka 'yan baya ɗaya bayan ɗaya kamar an ɗaure masa ƙwallon a ƙafa, ba zai yarda a ce masa sai a Turai ake wasa ba. Yana cikin waɗanda suka ciyo wa ƙasar nan zinare a wasannin Afirka na 1973, a nan Surulere. Ya rasu a 2008, kuma a yau ko allo ɗaya mai ɗauke da hotonsa ba mu da shi a unguwanninmu.

Ba Stores kaɗai ba. Akwai Railways, akwai ECN da ta koma NEPA, akwai ACB, daga baya ga Julius Berger da suka ci lig a 1991 da 2000. Kusan dukansu kulob-kulob ne na ma'aikatu, ɗan wasa yana da albashi da teburinsa a ofis, shi ya sa da iyayen gidan suka durƙushe ko suka janye hannu sai 'ya'yan suka bi su. Su Stores kuwa saɓanin cikin gida ne ya kwantar da su a shekarun 1990, an yi ta ƙoƙarin tayar da su amma ba su koma yadda suke ba. Sai kuma aka mayar da babban birni Abuja a 1991, aka gina sabon filin wasa a can a 2003, na Surulere ya zama marayan da ciyawa ta cinye. Tauraron ɗan'adam ya shigo da ƙwallon Ingila har cikin lunguna, yaranmu suka tare a gidajen kallo.

Mu Hausawan Ikko muna da wani rabo na daban a cikin wannan tarihi. Duk ranar da kulob ɗin Arewa ya sauko wasan ƙarshe, mu ne masu masauki. Lokacin da Raccah Rovers ta Kano ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale da IICC ta Ibadan a 1977, gidajen Zango cika suka yi da baƙi, wasu a masallaci suka kwana, matanmu suka kwana tuƙa tuwo. Ba mu ɗauki kofin ba a shekarar, amma har yau in tsofaffi suka haɗu sai an tayar da zancen. Haka da El-Kanemi ta Maiduguri ta ɗauki kofin a 1991. Ni da kaina ina cikin filin Surulere ranar 22 ga Maris, 1980, da farantin gyaɗa a kaina, lokacin da Najeriya ta lallasa Aljeriya uku da nema. Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ƙara ɗaya, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu kofin. Gyaɗar ta zube a cikin turmutsutsu, ban ko waiwaye ta ba. A ƙafa muka taka har Ojuelegba muna waƙa.

Ranka ya daɗe, ba ƙwallo kaɗai ya tafi ba. Kullum kwandastoci suna kiran "Pen Cinema", an ma gina gadar sama a wurin an buɗe ta a 2021, amma tambayi yaro ina silimar take, sai ya ɗaga kafaɗa. Nan da Danjuma Cinema muka riƙa kallon finafinan Indiya, mu fito muna rera waƙar da ba mu san ma'anarta ba. Silimar Casino ta Yaba, silimar Rainbow ta Mushin, duk sun zama labari. Manyan kantunan Kingsway da Leventis da UTC, inda baƙon da ya sauka daga jirgin ƙasa a Iddo yake roƙo a kai shi ko da ba zai sayi komai ba, don dai ya koma gida ya ba da labari. Jirgin Nigeria Airways mai tambarin giwa da fukafukai, wanda ya kwashi iyayenmu daga Ikeja zuwa aikin Hajji, an rufe kamfanin a 2003. Masaƙun Ikeja da Isolo da Ikorodu, waɗanda jiniyarsu ce agogonmu. Bar Beach da muke kai iyali yawon Sallah, yara su hau doki a bakin teku, galibi ma 'yan'uwanmu ne ke jan linzamin, yanzu an cike wurin da yashi ana gina Eko Atlantic.

Mun san za a ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Za a kuma ce ana fama da tsadar shinkafa da kuɗin haya, wa ke ta tsohon tikiti? Wani malami a cikinmu ma ya ce shi ba ya son a ɗaukaka zancen silima, muka saurare shi, muka fahimce shi. Ba mu ce a dawo da Kingsway ba, ba mu ce a rushe gada a mayar da silima ba. Gadar ta rage mana cunkoso, sabon jirgin ƙasa da ke tsayawa a Agege alheri ne, mun gode. Damuwarmu ita ce 'ya'yanmu suna tasowa a garin nan kamar jiya suka sauka daga tirela. In wani ya ce musu baƙi ne, ba su da abin nunawa. Alhali tun da aka buɗe layin dogo tsakanin Legas da Kano a 1912 kakanninsu ke ɗaure huhun goro a tashar Agege, suna sauke shanu, suna aurayya da maƙwabta. Shaidar wannan zama tana cikin adakoki irin ta marigayin nan, tana kuma cikin kawunan tsofaffi, kuma duk shekara muna binne su.

Saboda haka muke roƙon Sarki ya dube mu da idon rahama ya samar mana ɗaki ɗaya, ko a jikin fada ko a harabar filin wasa na Agege, wanda ruwa ba ya shiga, inda za a tara hotuna da tikitoci da rigunan wasa da katin shaidar ma'aikatan masaƙa da duk abin da mutane za su kawo. Ba ma neman gini sabo. Kafinta a cikinmu ya ɗauki alkawarin katako da aiki kyauta, mahauta sun ce gilashi da fenti a wuyansu. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne wurin, da kuma kira. In sanarwa ta fito daga fada, aka maimaita ta a masallatai ranar Juma'a, tsohuwar da ta ɓoye hoton mijinta shekara talatin za ta yarda ta fito da shi. In mu muka je, cewa za ta yi sayarwa za mu yi.

Abin da ya fi gaggawa kuwa shi ne muryoyin dattawa. Muna da samari 'yan makaranta masu wayoyi a hannu. A zaɓi kaɗan daga cikinsu, Sarki ya sa musu albarka, su bi gida-gida suna naɗar hirar tsofaffi da Hausa da Yarabanci, a ajiye a kwamfuta, a kuma rubuta. Wannan ba ya jiran kasafin kuɗi, ana iya farawa a makon nan. Akwai mutum biyu a Zango da suka ga wasannin Railways da idonsu, ɗaya yana kwance ba ya fita.

Sannan muna fatan Sarki ya kai maganarmu gaban Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Agege da Mai Martaba Olu na Agege, domin tarihin nan namu ne da Yarabawa baki ɗaya, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka. A kafa ƙananan alluna a wurare irin su Pen Cinema da tsohuwar tasha, da Hausa da Yarabanci da Turanci, su faɗi abin da ya taɓa kasancewa a wurin. A ba mu filin wasa na Agege kwana biyu ko uku bayan Babbar Sallah, yaran unguwanni su kara da juna, kowace ƙungiya ta ɗauki sunan ɗaya daga tsofaffin kulob-kulob, a gayyato tsofaffin 'yan wasan da suka rage su zauna a gaba a karrama su tun suna da rai. A nan dole mu faɗi abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya: filin da yaran layinmu ke buga ƙwallo, wanda mu ma a cikinsa muka fasa yatsu, an wayi gari an kewaye shi da kwano, yanzu shaguna ne. Ba mu zo ƙarar kowa ba. Muna roƙo dai a ƙidaya 'yan filayen da suka saura a san da zamansu, kada su bi sahu.

Allah ya taimaki Sarki, muna neman a sa mana rana mu zo fada mu faɗi gaisuwa, mu yi bayani baki da baki. Za mu zo da hotunan nan huɗu, mun sa su a leda mun ajiye a wurin liman. Za mu zo da yaron kuma, shi ya ce yana son ya riƙe su a gaban Sarki.

Wassalamu alaikum.

Mu ne masu biyayya,
Talakawanka na Zango, Oko-Oba, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende.
Sunayenmu da sa hannunmu suna cikin takardar da ke haɗe da wannan.