Rahoton ayyukan shekara na kungiyarmu ta masu gadi da masu kula da karnuka a Legas

Assalamu alaikum iyayenmu dattawan kungiya, ranka ya dade shugaba, da sauran yan uwa mambobi. Barkanmu da ganin karshen shekara lafiya. Lissafin kudi ma'aji ne zai karanto ranar taro, ni nawa bayanin aiki ne kawai.

Yawancinmu gadi muke yi a Lekki, Ikoyi, Ajah da Ikeja, kuma duk mai gadi a garin nan ya san kare ya shiga cikin aikinsa ko yana so ko baya so. Abin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne karnukan da ake bari, oga ya samu biza ya kwashe iyali sun tafi Ingila ko Kanada sai a bar wa mai gadi kare da rabin buhun abinci a ce za a rika turo kudi, daga nan shiru kake ji. Mun karbi irin wadannan mun rike su har aka samo musu gidaje, kuma wadanda suka fi ba mu wahala su ne kananan nan masu lotsattsen hanci da ake kira pug. Asalinsu daga kasar Sin ne, nauyinsu bai cika wuce kilo 6 zuwa 8 ba, ba sa gadin komai sai minshari, ga su da tsada.

To a kansu ne muka san tsutsar zuciya. Da yawanmu mun dauka irin tsutsar ciki ce da ake ba kwaya ta fita a kashi, ashe ba haka bane sam. Sauro ne ke kawo ta, ya ciji kare mai dauke da ita ya debo yayanta a jini sannan ya je ya ciji wani, kare baya shafa wa kare kai tsaye. Sai ta dauki wata 6 zuwa 7 kafin ta girma ta tare a jijiyoyin huhu da bangaren dama na zuciya, doguwa fara kamar taliya, tana iya kai santimita 30 kuma tana rayuwa shekara 5 zuwa 7 a ciki. Ku duba Legas yanzu, kwata a kofar kowane gida, ga lagun, ga damina tun Afrilu har Oktoba, sauro baya hutu a nan ko da rani.

Matsalar pug ita ce dama can da haki da gurnani aka halicce shi, don haka idan tari da kasala suka fara sai ka ce ai haka yake, ko zafin gari ne. Kafin a gane har ya rame ciki ya kumbura. Shi yasa muka tsayar da doka, duk karen da ya shigo hannun kungiya sai an kai shi wurin likitan dabbobi an yi gwajin jini kafin a ba shi komai, kuma a sake gwajin bayan wata 6 saboda sabon kamu baya nunawa.

Wadanda gwaji ya nuna suna da ita an bi tsarin likita. Ana fara ba su doxycycline na sati 4, shi ke kashe wata kwayar cuta da tsutsar take rayuwa da ita, tare da kwayar rigakafi ta wata wata. Wajen kwana na 60 a yi allurar melarsomine, mai kashe manyan tsutsar, ta farko a naman gadon baya, bayan wata daya a yi ta biyu, washegari ta uku. Allurar akwai tsada kuma ba ko ina ake samunta ba, nan ne kudin kungiya suka fi tafiya. Amma wlh ba allurar ce ta fi wuya ba, hana kare motsi ne. Tsutsar idan ta mutu tana farfashewa, in ya yi gudu ko tsalle guntayen su toshe jijiyar huhu ya fadi nan take, dole yana cikin keji a wuri mai sanyi sai dai a fito da shi da igiya ya yi fitsari a mayar, har sati 6 zuwa 8 bayan allurar karshe. Yan uwan da suka yi wannan jinya a dakin gadinsu, ga zafi ga rashin wuta, Allah ya saka muku da alheri.

Sai maganar da na fi so a ji. Dan Allah a daina sayo ivermectin, maganin tsutsa na shanu, a kasuwar dabbobi ana dirka wa kare. Na san da yawanmu a cikin kiwo muka tashi kuma hannunmu ya saba da sirinji, amma wancan an hada shi ne don saniya mai kilo daruruwa, abin da ake bukata na rigakafin kare dan mitsitsi ne da sirinjin shanu ba zai iya aunawa ba. In ya yi yawa kare ya kama rawar jiki, ya makance ko ya suma. Kuma baya kashe manyan tsutsa yadda ake zato, in ma jinin cike yake da kanana aka ba shi ba gwaji zai iya jawo masa tashin hankali. Akwai kwayar da aka yi musamman don karnuka bisa nauyinsu, sau daya a wata duk shekara ba tsallake, kudinta bai kama kafar kudin jinya ba. Ku gaya wa oga ko madam haka kai tsaye, yawancinsu basu sani bane.

Sauran ayyuka a takaice, an yi wa karnukan hannunmu allurar haukan kare, an yi gayyar yashe kwata a wasu layuka, an sa raga a kejuna. Wasu sun yi korafin me ya hada Bahaushe da jinyar kare, malam ya tuna mana hadisin mutumin da ya shayar da kare mai jin kishirwa Allah ya gafarta masa, aka wuce wurin.

Shekara mai zuwa muna so kowane kare ya samu kati da za a rika rubuta ranar gwaji da ranar kwaya, a rataye a dakin gadi saboda ko an canza mai gadi wanda ya zo ya gani. Wanda bai biya kudin wata ba ya ga ma'aji kafin ranar taro, kuma duk mai karen da ba a gwada ba ya ba ni suna.

Sakatare