A bar kifin Gulbin Rima ya yi ƙwai kafin a kama shi

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan kifinmu. Ni mai sayen kifi ne daga hannun Sarkawa ina yin banda, sana'ar da na gada.

Abin da ake kawo mana yanzu daga Kware da Wurno yawanci ƙananan karfasa ne da kurungu waɗanda ba su kai tafin hannu ba. Yauni sai a daɗe ba a gan shi ba. Wanda ya fi ci mini rai shi ne tarwadar farkon damina: ka tsaga cikinta ka tarar da ƙwai cunkus, ka kwashe ka zubar.

Masunta sun san yadda abin yake, binciken masana ma haka ya nuna. Tarwada tana jiran ruwa ya hau fadama ne, ta shiga ciyawa da dare ta zuba ƙwai, su manne a jikin haki su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Bargi kuwa sheƙa yake yi da ciyawa a ruwa marar zurfi, iyayen su tsaya gadi. Karfasa mace a bakinta take riƙe ƙwai da 'ya'ya kusan mako biyu, ba ta ko cin abinci. Wanda ya ja taru ya kama ta a wannan hali, ɗaruruwa ya kashe. To ina ga mai su da gidan sauro, ko mai zuba guba a ruwa? Allah ya shirye su.

Sai batun ruwan kansa. Bayan an kammala madatsar Bakolori a 1978, bincike ya nuna ambaliyar da ke shiga fadamun Gulbin Sakkwato ta ragu, kamun kifi ya ragu tare da ita. Madatsar Goronyo da aka ƙaddamar a 1992 ita ce ke riƙe da ruwan Rima. Muna amfana da su wajen noman rani da ruwan sha, ban musa ba. Amma in ana tsara sakin ruwa, a sa lokacin haihuwar kifi cikin lissafi.

Roƙona ga malaman sashen kifi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da cibiyar binciken kifi ta New Bussa shi ne su fito da abin da suka gano da Hausa, a rediyo, su faɗi makonnin da kowane kifi ke ƙwai a ruwanmu da faɗin idon ragar da ya dace. Sannan a zauna da sarakunan ruwa, don maganarsu masunta suke ji. Maƙwabtanmu na Argungu suna hana kamun kifi a kogin Matan Fada har ranar bikin kamun kifi, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai an taru a ɗauka.

A keɓe mana gurbi ko biyu a Tafkin Kware, a rufe su daga saukar damina har ruwa ya fara janyewa, a tallafa wa masunta da iri da taki su yi noma a watannin. Ni ma cinikina zai tsaya, na kuma yarda.

Naka,
Wani mai sana'ar banda, Sakkwato