Ba dambe na tura ka yi ba

Babana,

Assalamu alaikum. Da fatan kun sauka lafiya daga tafiyar nan ta wasan hokin ƙanƙara uku a jere. Mu nan Edmonton sai godiyar Allah. Ƙanƙara ta sauka tun makon jiya, ƙafar Ummanka ta yi sauƙi har tana hawa bene, Auta kuma tana tsakiyar jarrabawa.

Na zauna rubuta maka takarda ne don a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Da na soma sai ka ce, "Baba, ba komai, haka wasan yake," sai kuma ka ce ana jiranku a mota. To takarda ba ta katse mutum. Ka karanta ta har ƙarshe, ko da ranka zai ɓaci.

Daren Asabar na shigo na tarar da Auta tana kallon wani abu a waya, tana ganina ta kife ta a cinya. Na ce ta miƙo. Kai ne. Na ga ka jefar da sanda, ka zare safar hannu ka watsar a kan ƙanƙara, ka damƙi wuyan rigar wani ƙato da ya girme ka da shekara bakwai ko takwas. Na ga hular kwanonka ta fice. Na ga kun zube tare, ƙeyarka ce ta fara isa ƙasa. Mutane suka miƙe tsaye suna ihu suna dukan gilashi, kai kuma ka tashi kana murmushi. Ba murmushin na tsaya kallo ba. Ƙafarka ta hagu na kalla, wadda ta zame sau biyu kafin ka isa ɗakin da ake zaunar da mai laifi, har alƙalin wasa ya tallafe ka ta gwiwar hannu. Tun kana shekara 5 kake kan takalmin ƙanƙara. Ban taɓa ganin ƙafarka ta zame a fili babu wanda ya taɓa ka ba. Sau goma sha ɗaya na mayar da wurin nan baya. Bayan minti biyar ɗin hukunci kuma ka koma ka ci gaba da wasa.

Na je na duba lissafinka: wasa 14, ƙwallo 1, faɗa 4.

Kada ka ɗauka ban san abin da ke tura ka ba. Shekara goma sha biyar ina zaune a bencin sanyi da kofin shayi a hannu, na koyi wasan nan ko ban taɓa riƙe sanda ba. Na san a zagaye na biyar na zaɓen sababbin 'yan wasa aka ɗauke ka, ba na farko ba, kuma ɗan zagaye na biyar ba a yi masa haƙurin da ake yi wa ɗan zagayen farko. Na san a WHL, gasar matasa, kai ne ɗan gaba na layin farko, kana yin minti ashirin, yanzu a AHL, gasar da ke ƙarƙashin babbar gasa ta NHL, an jefa ka layi na huɗu, gefen dama, minti bakwai ko takwas a dukan wasa, kowace fita ba ta wuce daƙiƙa arba'in ba. Yaushe mutum zai nuna gwaninta a haka? Na san kwantaraginka na shekara 3 mai fuska biyu ne: in aka kira ka NHL, mafi ƙarancin albashi a lokacin da ka sa hannu dala 775,000 ne a shekara, in kana ƙasa kuwa abin da kake karɓa kusan ushirinsa ne. Kana ganin tsawonka da faɗin kafaɗarka, kana ganin duk ranar da ka yi faɗa koci na dafa maka kai, abokan wasa na buga sanduna a jikin katako. Sai zuciya ta ce maka ga gajeriyar hanya. Na fahimta sarai. Amma na san inda hanyar take ɓullewa.

Kana ƙarami lokacin da Derek Boogaard ya mutu, ba za ka tuna yadda aka yi ta maganarsa a rediyo ba. Ɗan Saskatchewan ne, nan maƙwabta, a WHL ɗin nan taku ya taso. Ya buga wa Minnesota, ya koma New York Rangers. Wasa 277 ya yi a NHL, ƙwallo 3 kacal ya ci. Ba don ƙwallo ake biyansa ba, don naushi ne. A watan Mayu na 2011 aka tsinci gawarsa a Minneapolis, yana da shekara 28, ƙwayar kashe ciwo ta haɗu da giya a cikinsa. Likitocin Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwarsa suka samu cutar nan da ake kira CTE, wadda yawan bugun kai ke kawowa, ta riga ta yi nisa a kan yaro mai shekara 28. Kafin watan Agusta na wannan shekara ya ƙare, Rick Rypien da Wade Belak su ma sun tafi, dukansu mutanen da aka sani da faɗa a wasa. Mutum uku cikin wata huɗu. Dukansu suna da iyaye da suka tashi da asuba suka ɗumama mota kamar yadda na yi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa ake yi.

Kuma ni ba a Kanada na fara ganin wannan ba. Muna yara a gida akwai wani ɗan dambe a bayan layinmu, bahago ne, mahauci. In ya naɗa zare a hannu aka buga masa kalangu, gari ake tashi. Kisa nawa ya yi a fage, ba mai iya ƙirgawa. Mata na guɗa, attajirai na yi masa liƙi. Shekarar da na je gida jana'izar kakarka na same shi a gindin dalbejiya. Bai kai hamsin ba. Hannun nan da ake yi wa kirari ba ya iya kai kofin ruwa baki sai rabi ya zube a riga. Na gaishe shi, na faɗi sunan mahaifina, ya ce ya gane, bayan ɗan lokaci ya sake tambayata ɗan wane ne ni. Masu guɗar duk ba ko ɗaya a wurin. Tun daren Asabar fuskarsa nake gani in na rufe ido, sai in ga ta koma taka.

Ƙashi in ya karye ana ɗora shi. Haƙoranka biyu na gaba da suka fita ban yi maka faɗa ba, na kai ka aka sa wasu. Ko rigar wuyan nan da aka wajabta muku bayan kaifin takalmi ya yanke wuyan ɗan wasa Adam Johnson a Ingila a 2023, na san kana sawa, hankalina a kwance yake ta nan. Kai ne ba a ɗorawa. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune a ƙoƙon kai, in aka girgiza ta sai ta bugi ƙashi, kuma hular kwano ba ta hana wannan. Mafi muni shi ne bugu na biyu tun na farko bai warke ba. Dubi Sidney Crosby, tauraron NHL, wanda hotonsa ke manne a ɗakinka har yau. An buge shi a kai ranar 1 ga Janairu 2011, ya koma wasa, ranar 5 ga wata aka sake bugunsa. Bai ƙara taka ƙanƙara a gasa ba sai Nuwamba, wata goma ke nan, kuma da ya dawo ciwon ya sake tashi. Shi wannan ƙungiya za ta jira shi ko shekara nawa ne. Kai wa zai jira ka? Akwai yara ɗari a bayanka masu jiran rigarka, shi ya sa kake ɓoyewa, shi ya sa kuma nake tsoro.

Na ce kana ɓoyewa, kuma ba zato nake yi ba. Ummanka ta lura sau uku ke nan in ta kira ka ta bidiyo ɗakinka duhu, ka rage hasken waya, kana magana ido a runtse. Ka ce mata gajiya ce. Ranar Talata ka tambaye ta maganar kuɗin makarantar Auta, ta ba ka amsa, kafin ku yi sallama ka sake tambaya. Ta ajiye wayar ta shiga ɗaki, ban ji motsinta ba sai da aka yi kiran isha.

Sai kuma abin da ɗan kawunka ya gani da ya kwana wurinka. Bai kawo ƙararka ba, ni na matsa masa. Ya ce akwai kwalbar ƙwaya a jakar wankanka, kuma sunan da ke jikinta ba naka ba ne.

Babana, me ke nan? A gidan wa ka koyi shan maganin da ba likita ya rubuta maka ba? Kai da ka san abin da tramol da kodin suka yi wa ɗan gwaggonka, kai da ka ga uwarsa ta sayar da abin da ta sayar? Don na Turawa yana zuwa a kwalba mai tsabta sai ya zama wani abu daban? Haka Boogaard ya fara, ɗaya don ciwo, ɗaya don barci. Wallahi ban bar aikina da mutuncina a gida na zo ƙasar mutane ina tuƙin dare ba don in tara wa masu sayen tikiti abin yi wa ihu. Filin Hotoro da ya tafi, ka san inda kuɗinsa ya shiga, ka kuma san abin da 'yan'uwana suka ce a kaina a lokacin. Ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba gori ba ne. Amma ban sayar da shi don ka mayar da kanka turmin daka ba. In ƙarya ake yi maka, ka ce mini ƙarya ce, in nemi gafararka. In gaskiya ce, ka zubar da ita yau, ka je wurin likita ka faɗa masa guda nawa ka sha, tun yaushe.

Na san abin da za ka ce: ai ni na koya maka ramuwa. Haka ne. Ranar da yaron nan ya kira ka da sunan da ya kira ka, kana shekara 12, ka shigo mota kana kuka, na ce maka kada ka sake barin kowa ya taka ka. Ba zan janye ba. Kai kaɗai ne baƙi a ɗakin canza kaya, da ban faɗa maka haka ba da sun cinye ka. Amma tsare mutunci daban, sayar da kai daban. Wanda ka yi faɗa da shi ranar Asabar bai zage ka ba, ƙila ma kun gaisa bayan wasa.

Abin da ba zan kare kaina a kai ba shi ne daren Red Deer. Kana shekara 15, aka haɗa ka da katako, a hanyar dawowa ka ce in tsaya. Na tsaya a gefen titi, iska na kaɗa motar, ka yi amai a kan ƙanƙara, ka ce fitilun motoci na soka maka ido. Washegari akwai masu zaɓen 'yan wasa. Ummanka ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba inda za ka. Ni na ɗauki jakarka na sa a but. Na ce wa kaina dama sau ɗaya take zuwa, kuma a lokacin ban san abin da na sani yanzu ba. Ka ci biyu a ranar, kowa ya yaba. A ranar na koya maka cewa ana ɓoye ciwon kai a sami lada. Ni na koya maka, ni kuma nake roƙonka ka manta da wannan karatun. Ka yafe mini.

Kullum kana kawo mini Jarome Iginla, ɗan garin nan, uba daga Najeriya, ka ce ai shi ma yana faɗa. Yana yi. Amma ƙwallo 625 ya ci a NHL, 52 a kaka guda, kuma su ne suka kai sunansa inda ya kai. Calgary ba don naushi ta ba shi kyaftin ba. Kai ma kana da hannu, na gani da idona. Na ga yadda kake kare faifan robar nan da jikinka a lungu mutum biyu su kasa ƙwacewa, na ga yadda kake tsayawa a gaban raga ba a iya ture ka. Wannan shi ne jarinka. Ka je wurin koci da ladabi ka ce a gwada ka lokacin da aka rage muku mutum ɗaya, ka ce kana so ka zauna bayan atisaye ka gyara tashinka na farko, wanda kai ma ka san yana da nauyi. Hanyar ta fi tsawo. Wataƙila a sauke ka ƙasa zuwa ECHL, gasar da ke ƙasa da taku, na ɗan lokaci. To a sauke ka. Wataƙila NHL ɗin ma ba rabonka ba ce, akwai Siwidin, akwai Jamus, akwai makaranta da kuɗin karatun da WHL ta ajiye wa 'yan wasanta, in ka bincika ko naka yana nan. Abin da Allah ya rubuta maka ba ɗan Adam da zai hana, kuma ba sai ka fasa kanka za ka same shi ba.

Ni dai abin da nake so, in na tsufa ka zo ka zauna kusa da ni ka gane ni, ka tuna sunayen 'ya'yanka, ka ja mu salla ba ka rikice a raka'a ba. Ranar da ɗan wasa Nazem Kadri ya kai kofin Stanley, kofin zakarun NHL, masallacin garinsu a 2022 ka ce mini, "Baba, saura ni." Na ce amin, har yanzu ina cewa amin. Amma ko ba kofi, ka dawo mini da kanka yadda na ba ka shi.

Gobe kafin atisaye ka sami likitan ƙungiya ka faɗa masa komai: faɗuwar Asabar, hasken da ba ka so, mantuwar, ƙwayar. In ya ce hutu, ka huta, ko wasa nawa ne. In kana jin nauyin faɗa, ba ni lambarsa ni in faɗa. Na nemi hutun kwana huɗu a wurin aiki, zan taho ƙarshen wata. Ummanka ta daka maka yaji da kuka, kilishin ne ba sa bari a tsallaka iyaka da shi. Ta ce ka riƙe azkar ɗin safe, kada tafiya ta sa ka sake da asuba.

Ka kira mu ranar Lahadi bayan la'asar ɗinmu. Ka kunna fitilar ɗakin, ina so in ga idonka.

Allah ya tsare mini kai, ya yi maka albarka.

Mahaifinka